Ruwan zartsi a famfo: yadda El Paso ke cire gishiri a tsakiyar hamada, da inda take binne shi

A shekarar 1979 hukumar kula da albarkatun ruwa ta jihar Teksas ta fitar da wani rahoto da ya tayar wa mahukuntan birnin El Paso hankali. Rahoton ya yi hasashen cewa idan aka ci gaba da zuƙar ruwa yadda ake yi, ruwan daɗin da ke ƙarƙashin birnin zai ƙare nan da shekarar 2030. Saura shekaru kaɗan wa'adin ya cika, amma har yau famfunan birnin suna zuba, kuma mutanen da ke shan ruwan sun ƙaru ƙwarai a kan na wancan lokaci. Ɗaya daga cikin dalilan hakan wata masana'anta ce da ke gefen birnin ta gabas, kusa da filin jirgin sama, wadda aikinta shi ne mayar da ruwan zartsi ruwan sha.

Idan aka ambaci cire gishiri daga ruwa, hankali kan tafi Saudiyya ko Daular Larabawa ko Isra'ila, inda manyan masana'antu ke jere a bakin teku. El Paso ba ta da teku. Gaɓar da ta fi kusa da ita tana da nisan kimanin kilomita 600, a cikin ƙasar Meksiko, kuma birnin yana zaune a kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,100. Wannan nisa daga teku shi ne ya sa labarin El Paso ya bambanta, domin ya sauƙaƙa rabin aikin, ya kuma tsananta ɗaya rabin.

Birni a tsakanin kogi mai ƙafewa da rijiyoyi masu yin gishiri

El Paso tana can ƙarshen yammacin Teksas, a cikin hamadar Chihuahua, inda iyakar Teksas da ta jihar Niyu Meksiko da ta ƙasar Meksiko suka haɗu. Ƙidayar 2020 ta nuna mazaunanta sun kusa 680,000. A ƙetaren kogi akwai birnin Juarez na Meksiko, mai mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai wuce milimita 220 ba, wato bai kai rabin abin da Sakkwato ke samu ba.

Hanyoyin ruwa biyu birnin ya daɗe yana dogaro da su. Ta farko ita ce kogin Rio Grande, wanda ke tasowa daga narkewar dusar ƙanƙara a duwatsun jihar Kolorado, ya taru a madatsar ruwa ta Elephant Butte da aka kammala a 1916 a Niyu Meksiko, sannan a riƙa sakinsa a lokacin noman rani. A shekara mai albarka kogin kan ba birnin kusan rabin ruwansa. A shekarar fari kuwa sai abin da hali ya yi: a 2013 ruwan madatsar ya sauka zuwa kashi 3 cikin ɗari na abin da take iya ɗauka, kuma makonni kaɗan kogin ya yi yana gudana kafin ya koma yashi.

Hanya ta biyu ita ce ruwan ƙarƙashin ƙasa, musamman wata babbar taska da ake kira Hueco Bolson, wato wani kwari mai zurfi da yashi da tsakuwa da laka suka cike tun zamanin da, ruwa kuma ya maƙale a tsakaninsu. Ruwan daɗin da ke cikinta ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na zartsin da ke kewaye da shi ta gefe da ta ƙasa. Da aka shafe shekaru ana jan na daɗin fiye da yadda ruwan sama ke mayar da shi, sai matakinsa ya yi ta sauka, na zartsin kuma ya soma malalowa cikin gurbin da aka bari. Rijiyoyin da a dā ake shan ruwansu suka fara ɗanɗanon gishiri, hukumar ruwa ta rufe wasu daga ciki.

Abin da birnin ya fara yi shi ne abin da masu ƙarfi kan yi: ya kai ido gonar maƙwabci. A 1980 El Paso ta nemi izinin haƙa ɗaruruwan rijiyoyi a kudancin Niyu Meksiko, ta kuma kai ƙara kotun tarayya tana ƙalubalantar dokar jihar da ta hana fitar da ruwan ƙarƙashin ƙasa zuwa wata jiha. A 1983 kotu ta ba ta gaskiya a kan dokar, amma ko ɗigo ɗaya bai iso birnin ba. Aka yi ta shari'a har 1991, lokacin da sabon shugabancin hukumar ruwa a ƙarƙashin injiniya Ed Archuleta ya amince da sulhu, ya juya ga abin da ke cikin gida.

Cikin gidan nan an fara ne da tsimi. A 1991 birnin ya kafa dokar da ta ƙayyade ranakun ba ciyawar ƙofar gida ruwa, aka tsara kuɗin ruwa ta yadda mai yawan amfani zai fi biya a kan kowace lita, aka kuma riƙa biyan magidanta kuɗi don su tumɓuke ciyawar ado su dasa tsirran hamada. Idan aka raba dukkan ruwan da birnin ke sha a kan yawan mutanensa, kason mutum ɗaya ya sauko daga kimanin lita 750 a rana zuwa ƙasa da 500. Wanda ya saba sayen jarka daga hannun mai kura zai ga ko wannan adadi na biyu almubazzaranci ne, kuma yana da gaskiya. Amma a ma'aunin yammacin Amurka babban ragi ne, kuma shi ya saya wa birnin lokaci. Tun 1985 ma El Paso ke tace ruwan bahaya da na wanka tana mayar da shi cikin ƙasa. Masana'antar cire gishiri ta zo ne a bayan duk waɗannan, kuma a ganina wannan jeri na abin da aka fara da abin da aka jinkirta ya fi injunan kansu muhimmanci.

Yadda ake raba ruwa da gishirinsa

Kalmar zartsi ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa shan ruwan wasu rijiyoyi a ƙasar Manga ko yankin Dallol: ruwa ne garai-garai a ido, amma ba ya kashe ƙishirwa, sabulu ba ya kumfa da shi, kuma yana barin fari-fari a gindin tukunya. Masana suna auna shi da yawan sinadaran da suka narke a ciki. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 a kowace lita. Ruwan zartsi yana tsakanin giram 1 da 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwa kan yi daɗin sha idan bai kai giram 0.6 ba, kuma daga giram 1 zuwa sama ɗanɗanonsa kan soma ƙin shiga baki. Wanda ake jawowa a El Paso yana tsakanin giram 2 da 4. Wato jarka mai lita 25 ta ruwan teku tana ɗauke da gishirin da ya kusa kilo guda, alhali irin wannan jarka ta ruwan El Paso ba ta wuce 'yan cokula ba.

Dabarar da ake amfani da ita masana suna kiranta ribas-osmosis, kuma ita ce dai masu sana'ar fiya-wata da yawa ke da ƙaramin samfurinta a ɗakin aikinsu. Don a gane ta, a tuna abin da ke faruwa idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa: ba da jimawa ba ruwa zai tsattsafo. Ɗabi'ar ruwa ce ya ratsa siririn tantani daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Abin da masana'anta ke yi shi ne juya wannan tafiya da ƙarfin tsiya. Ana matsa ruwan zartsin da famfuna masu ƙarfi a jikin wani tantani na roba da aka nannaɗe cikin dogayen bututai, sai ruwa zalla ya ratsa, gishiri ya tsaya a baya.

Yawan matsin da ake buƙata ya danganta da yawan gishirin, kuma a nan ne birnin da ke nesa da teku ya yi sa'a. Tace ruwan teku yana cin wutar lantarki kilowat 3 zuwa 4 na awa guda a kan kowace lita dubu, na zartsi kuwa sau da yawa ba ya kai rabin haka. Bugu da ƙari, a ruwan teku kusan rabin abin da aka jawo ne kawai ke zama ruwan sha, amma a El Paso kimanin kashi 83 cikin ɗari ake samu.

Hasali ma a kan ruwan zartsi aka fara gwada dabarar a aikace. Wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su ne suka ƙirƙiro tantanin farko mai amfani a wajajen 1960. A 1965 aka kafa injin farko a Coalinga, wani ƙaramin gari a tsakiyar Kalifoniya wanda ruwan rijiyoyinsa ya yi gishirin da sai a jirgin ƙasa ake kawo wa mutane na sha. A wancan lokaci gidajen garin suna da kan famfo uku: na ruwan zafi, na ruwan sanyi, da na sha.

Masana'antar El Paso ta fara aiki a watan Agustan 2007, bayan an kashe mata kimanin dala miliyan 91. Tana iya samar da galan miliyan 27.5 a rana, wato kimanin lita miliyan 104, abin da ya sa aka daɗe ana kiranta mafi girma a duniya cikin masu cire gishiri nesa da teku. Ba duk wannan ruwa ne ke ratsa tantani ba. Bisa tsarin da aka gina ta a kai, kimanin lita miliyan 70 ke shiga injunan tacewa, miliyan 59 su fito tas. Ruwan da ya fito yana da tsarkin da ya wuce buƙata, ba shi da ɗanɗano, kuma idan aka sake shi haka nan yana iya cin bututai. Saboda haka ana gauraya shi da wasu lita miliyan 45 daga rijiyoyin da zartsinsu bai yi tsanani ba, kafin a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a tura shi gari.

Akwai wata fa'ida da ba a ganinta a famfo. An jera rijiyoyin masana'antar ne a kan hanyar da ruwan zartsi ke bi yana kutsowa wajen na daɗi. Duk abin da suka zuƙe, an tare shi ke nan kafin ya isa ya ɓata rijiyoyin da suka rage.

Ina za a kai ragowar?

Lita miliyan 70 sun shiga, miliyan 59 sun fito. Saura miliyan 11, kuma a cikinsu ne dukkan gishirin da aka cire ya taru, ya ninka kaurinsa sau biyar ko shida. Lissafi mai sauƙi zai nuna girman abin: idan kowace lita ta shigo da giram 3, to a ranar da masana'antar ke aiki da cikakken ƙarfinta tana tara gishiri kimanin tan 200, lodin tirela bakwai ke nan, kowace rana. Ba kuma gishirin miya ba ne. A ciki akwai silika da sinadaran farar ƙasa, da ɗan abin da ƙasar yankin ke da shi na guba irin su arsenik, wanda shi ma ya ninka.

Masana'antar da ke bakin teku tana mayar da ragowarta cikin teku, duk da cewa masu kare muhalli suna da ƙorafi a kan illar hakan ga halittun ruwa. Ta cikin ƙasa ba ta da wannan mafita. Idan aka zuba a kogi, manoman da ke ƙasa da birnin, a Teksas da Meksiko, su ne gonakinsu za su ƙone. Idan aka zuba a fili, zai nutse ya koma taskar da aka ciro shi. Injiniyoyin El Paso sun duba yiwuwar gina manyan tafkuna masu shimfiɗar roba don rana ta shanye ruwan, suka ga hakan zai ci ɗaruruwan eka da kuɗi mai yawa, kuma daga ƙarshe dole a san yadda za a yi da busasshen gishirin.

Mafitar da suka zaɓa ita ce binnewa. An shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 35 zuwa wani fili a cikin hamada arewa maso gabas da masana'antar, inda aka haƙa rijiyoyi masu zurfin fiye da kilomita ɗaya. A can ƙasa akwai wani tsohon dutse mai tsattsage-tsattsage, wanda ruwan da ke cikinsa tun asali mai gishiri ne, kuma wasu shimfiɗun dutse marasa ɓuli sun raba shi da ruwan sha na sama. Kafin a amince, sai da aka yi gwaje-gwajen haƙa, aka kuma nemi izinin hukumomin muhalli.

Wannan sa'a ce ta yanayin ƙasa, kuma ba kowane birni ke da ita ba. Birane da dama a kudu maso yammacin Amurka suna zaune a kan ruwan zartsi mai yawa, suna da kuɗin sayen injuna, amma rashin wurin zubar da ragowa ya sa lissafin bai fita ba. Ko inda dutsen ya dace, binnewa tana da nata haɗari. A yankin haƙar man fetur na yammacin Teksas, masana sun danganta girgizar ƙasa da ta yawaita a 'yan shekarun nan, har da mai ƙarfin maki 5.4 a Nuwamban 2022, da tura gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai cikin ƙasa. Abin da El Paso ke binnewa ɗan ƙanƙani ne idan aka gwada da na kamfanonin mai, amma misalin ya nuna cewa ƙasa ba rami ba ce marar iyaka.

Me ya hana a matse ragowar har ta ƙare? Silika, sinadarin nan da ke cikin yashi. Idan kaurinta ya wuce wani mataki sai ta daskare a jikin tantani kamar gilashi, ta toshe shi, kuma wanke ta yana da wuyar gaske. An yi yunƙurin mayar da matsalar riba: wani kamfani mai zaman kansa ya gina masana'anta a gefen ta hukumar ruwa don ciro gishiri da sinadaran sayarwa daga ragowar, ya kuma maido wa birnin ƙarin ruwa. A kan takarda dabarar ta yi kyau, amma aikin bai tafi yadda aka yi fata ba.

Soja, sanata, da kuɗin ruwa

Filin da masana'antar ke kai da wanda ake binne ragowar duk mallakar rundunar sojan Amurka ne, a cikin sansanin Fort Bliss. Sansanin na daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a yankin, kuma a farkon shekarun 2000 ma'aikatar tsaro tana nazarin sansanonin da za ta rufe ko ta rage. Sansanin da ake shakkar ruwansa yana cikin haɗari, kuma 'yan siyasar El Paso sun san haka. Soja da hukumar ruwa kowannensu yana tunanin gina tasa masana'antar, daga baya suka haɗa hannu a kan guda ɗaya: soja ya ba da fili da wasu rijiyoyi, hukumar ta gina ta kuma tana gudanarwa. A shawarar 2005 ba a rage Fort Bliss ba, sai ma aka faɗaɗa shi, aka dawo da wata babbar runduna ta tankokin yaƙi daga Jamus zuwa can. An sa wa masana'antar sunan Kay Bailey Hutchison, sanatar Teksas da ta taimaka wajen samo kuɗin tarayya. Mafi yawan kuɗin ginin dai bashi ne da masu biyan kuɗin ruwa ke biya a hankali.

Abin da zai iya ba mai karatu mamaki shi ne, a yawancin ranaku masana'antar ba ta aiki da cikakken ƙarfinta. Tana iya ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar birnin a rana, amma a shekara ta yau da kullum kason da take bayarwa bai kai haka ba ko kusa. Dalili shi ne tsada. Ruwan rijiya mai daɗi ya fi araha, na kogi ya biyo baya, sannan na zartsi. Hukumar kan ɗaga aikin masana'antar ne idan kogi ya ƙafe ko zafi ya tsananta. Mai suka zai ce an zuba dala miliyan 91 a injin da ke hutawa. Amsar ita ce a shekarar 2013, da kogin ya gaza, birnin bai shiga rabon ruwa irin na gaggawa ba. Sukar ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba, domin Amurka tana da misalin da ya tabbatar da ita: gwamnatin tarayya ta kammala wata katafariyar masana'anta a Yuma, jihar Arizona, a 1992, don rage gishirin ruwan kogin Kolorado da ke shiga Meksiko, kuma tun daga lokacin 'yan gajerun lokuta kawai ta yi aiki.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta mallaka. Taskar Hueco Bolson ba ta tsaya a kan iyaka ba, ta ratsa ƙarƙashin kogi har Juarez, kuma biranen biyu daga ƙwarya ɗaya suke sha. Ruwan kogin yana da yarjejeniya tun 1906, wadda ta ware wa Meksiko kimanin mita kubik miliyan 74 a shekara idan babu fari mai tsanani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba shi da cikakkiyar yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. A 2006 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin nazarin taskokin da ke kan iyaka tare da masanan Meksiko, amma shirin na auna ruwa ne, ba na raba shi ba. A cikin Teksas kanta, tsohuwar ƙa'ida ita ce mai fili yana da ikon jan duk abin da famfonsa ya iya jawowa. Shi ma ruwan zartsin ba ya sabuntuwa da sauri. Yana da yawa, amma tsohon ruwa ne, kuma gishirin rijiyoyin da ke ciyar da masana'antar ya yi ta ƙaruwa tun da aka buɗe ta, abin da ke nufin ƙarin matsi da ƙarin kuɗin wuta.

Wasu biranen sun bi sahu. San Antoniyo ta buɗe tata masana'antar ruwan zartsi a 2017, ita ma tana binne ragowa a rijiyoyi masu zurfi. El Paso kuma tana faɗaɗa tata, ta sayi filaye a yankin Dell City mai nisan fiye da kilomita 100 don ta jawo ruwa ta bututu nan gaba, kuma a 2025 ta aza harsashin wata masana'anta da za ta tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a gidaje, da irin wannan tantani, ta mayar da shi kai tsaye cikin bututan ruwan sha.

Duk wannan aiki na waɗanda ke cikin da'irar bututan hukumar ne. A gabashin gundumar El Paso, a kan hanyar da ta wuce ta gaban masana'antar ta nufi hamada, akwai unguwannin da ake kira koloniyas, waɗanda dillalan filaye suka yanka suka sayar wa talakawa, yawancinsu 'yan asalin Meksiko, ba tare da famfo ko magudanar ruwa ba. An kai wa da yawa daga cikinsu bututu a shekarun da suka wuce. Wasu kuwa har yanzu tankar ruwa suke jira, su cika manyan tankunan roba a bayan gida don wanka da wanki, su sayo na sha a jarka, a kan farashin da ya ninka wanda mazauna cikin birni ke biya a kowace lita.